Ƙudan da Ke Cikin Ukulelen Goggo

"Wannan itacen girkin zan kaɗa?" in ji Kaleo, yana ture tsagaggen ukulelen Goggo Pualani, 'yar jitar nan tata mai tsirkiya huɗu, da ɗan yatsa.

Bikin cikar jikarta shekara ɗaya ake yi a bayan gida. A nan garinmu Hilo, in ukulele ya zagayo kanka kaɗawa kake yi, ko kai ne gwamna. Amma Kaleo ya zama tauraro. Bara ya watsar da mu 'yan ƙungiyarsa ta kiɗa, ya fitar da kundin waƙa, wai "Ni Kaɗai". Yanzu ko takalmi ba ya cirewa a ƙofar mutane.

"Goggo, hannuna ya wuce tarkace. Ku zauna ku ji aikin ƙwararre."

Ya sa faifansa, ya harɗe ƙafa, ya lumshe ido.

Kiɗan da daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai duk sanda aka taɓa tsirkiya ta uku, sai wani ɗan zzz ya biyo baya, kamar ƙuda a kwalba. Kawu Ikaika ya ajiye kifinsa. Mata suka fara kallon juna. Shekara talatin muna jin ƙudan nan a kowane biki.

Goggo ta ɗauki itacen girkinta, ta taɓa tsirkiya ta uku.

Zzz.

"Ɗan nan, sai da na ce maka a situdiyo bari in aro wani," ta ce. "Ka ce in kaɗa kawai, ba wanda zai gane."