Saƙonnin Bayan Asuba

Shayin Shafqat ya huce a gefen kwamfuta, bai ko kurɓa ba. Saƙon da aka aika wa wani ɗan kasuwa a Jamus ya sake dawowa, kamar yadda na jiya ya dawo. An ƙi karɓa.

Masana'antar Chaudhry Inayat tana ɗinka ƙwallon ƙafa a Sialkot, kuma duk cinikinta da ƙasashen waje ta imel ake yin sa. Shafqat ne ke kula da sabar kamfanin, na'urar da kowane saƙo ke bi ta cikinta, mai shiga da mai fita. Bai cika shekara a wurin ba. Yanzu ga shi matatun saƙonni na Turai sun sa sunan kamfanin cikin masu aika tarkace, don haka duk abin da ya fito daga gare su, ko farashin kaya ne, ba ya isa hannun kowa. Masu saye suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. A ƙasa, masu ɗinki sun fara tashi tun azahar saboda babu aiki.

Ya roƙi masu matatun, aka cire sunan. Ba a jima ba aka mayar. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: kullum bayan sallar asuba, kafin a buɗe ofis, dubban saƙonni na fita daga adireshin gama-gari na kamfanin zuwa ga mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba. Kalmar sirrin adireshin kuwa kowa ya san ta, daga akawu har mai gadi, haka aka saba tun lokacin da kwamfuta ɗaya ce a gidan. Sabar ba ta nuna masa cikin saƙon, sai kan saƙon kawai: "Don Allah ku taimaka." Irin na 'yan damfara sak.

Liaqat, mai kula da ciniki, ya leƙo da gurasar paratha a hannu. "Injiniya, ka kama aljanin naka? Ko mu kira malami ya tofa wa wayoyin?"

"Kai dai ka daina buɗe hotunan da ba na aiki ba, yaya Liaqat."

"Ni da ko hoton matata ba na buɗewa?" Ya yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. "Ƙanena, in mutumin Jamus ya tafi, rufe gidan nan za a yi."

Shafqat ya canza kalmar sirri. Kafin la'asar kowa ya zo ya karɓi sabuwar, aka kai ta har ɗakin sama. Ya bi kwamfutocin ofis yana neman cutar da ta shige su, bai sami komai ba. Gari na wayewa, saƙonnin suka fita kamar kullum.

Chaudhry, mai kamfanin, ya sa aka kira shi ɗakin sama, inda ba a shiga sai da kira. Dattijon ya rame, rigarsa na lilo a jikinsa. Tun bara yake riga kowa zuwa, abincin da ake kawo masa daga gida yakan koma yadda ya zo. A gefensa akwai wani tebur da ake gogewa kullum, ba mai zama a kai, ba kuma mai zancensa.

"Ɗana, mahaifina da allura da zare ya fara wannan gida," in ji shi. "Wane marar imani ne yake son kashe shi? Ka kamo min shi kafin Juma'a. In ya fi ƙarfinka, in ɗauko wani daga Lahore."

"To, yallaɓai."

Har Shafqat ya kai ƙofa, dattijon ya sassauta murya. "Saƙonni masu shigowa fa? Babu wani saƙo da matatar taka take riƙewa?"

"Babu, yallaɓai. Kullum ina dubawa."

"Ka ci gaba da dubawa."

Dabara ɗaya ta rage. Shafqat ya umarci sabar ta tsare duk abin da zai fita da sassafe har sai ya zo. Ranar Alhamis ya tarar da su jibge, ya buɗe ɗaya. Ya karanta, ya sake karantawa, ya duba daga inda ya fito. Ya daɗe zaune, yana jin ƙarar keken ɗinki guda ɗaya da ya rage yana aiki a ƙasa. Ya tashi ya hau matakala har rabi, ya tsaya, ya sauko.

Sai ya rubuta wa matatar doka guda: duk saƙon da ke ɗauke da wannan kai, ta karɓa, ta ce wa mai shi an aika, ta zubar da shi shiru.

Aka cire sunan kamfanin, bai sake komawa ba. Mutumin Jamus ya amsa. Kekunan ɗinki suka tashi, Liaqat ya raba alewa ofis-ofis. Shafqat ya karɓi tasa ya ajiye.

"Ka kama shi?" Chaudhry ya tambaya.

"Na toshe shi, yallaɓai. Ko ɗaya ba zai ƙara fita ba."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Har yau, bayan sallar asuba, Chaudhry Inayat yakan zauna shi kaɗai a ɗakin sama, yana aika hoton ɗansa da ya hau kwalekwale daga Libiya bara ya ɓace, zuwa duk wani adireshi da ya samu a Turai, sannan ya zauna jiran amsar saƙonnin da ba sa wuce bakin ƙofarsa.