Sandar Baffa Kalmer

Leisande, Toara, ku ajiye wayoyin nan ku zauna. Baffanku Kalmer ba zai kai ƙarshen wata ba, kuma akwai maganar da sai kun ji.

Kun san aikinsa a da. Duk inda teku ta zama haɗari, shi ke kafa sanda ya ɗaura mata ganyen namele, kowa ya gani ya san an hana shiga. Ganye ne mai ƙaya, in ya ɗaura shi iska ba ta kunce shi. Da wannan ganyen dai ake nuna rigimar fili. A shekarar kuwa ana ja-in-ja tsakaninsa da gidanmu kan bakin ruwan da ubanku ya gina ɗakunan baƙi.

Guguwa ta wuce, ta fasa duwatsun cikin ruwa, ta buɗe wata kafa mai jan mutum zuwa zurfi. Kwana uku bayan haka baƙi biyu suka sauka daga Sydney, mata da miji. Suka tambaya ko lafiya a yi iyo. Yayanku Kalo ya duba bakin ruwa sama da ƙasa, bai ga sanda ba, ya ce su shiga. Har yana tsokanar mijin wai alade ma ya fi shi iya iyo.

Ruwa ya ja matar. Kalo ya bi ta, ya tura ta kan dutse. Shi sai washegari teku ta dawo mana da shi. Da hannu ɗaya na yi masa wanka, ɗayan yana naɗe da tsumma.

A gaban mai gari Kalmer ya rantse ya kafa sandar tun da sassafe. Ba wanda ya gan ta. Toara, kai ka miƙe ka ce, "Tsohon maƙaryaci, kava ka sha ka bugu ka kwanta." Ya dube ni sau ɗaya ya ce, "Matar yayana, ke ma haka kika ce?" Na kau da kai. Aka ci shi tarar alade biyu, ya tattara ya koma kan tudu. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya kai masa ko doya.

Gobe ku ɗauki alade da tabarma, ku kira mai gari, ku hau tudun nan ku wanke sunansa tun yana ji. Abin da za a yi da ni kuma ku yanke. Ya kafa sandar. Ni na ɗauka filinmu yake nema, na tuge ta na jefa a daji, ƙayar ganyen ta tsage mini hannu.