Ranar da Likita Ya Ce Sai Maneji

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a asibiti a Birnin Kudu, likita ya duba Innarmu ya ce wa Gwaggo, "Hajiya, yanzu sai dai maneji."

Ina aji biyar, ina da littafin da nake tara kalmomin Turanci. Kalmar maneji ta cinye shafi guda: miyar da aka ƙara wa ruwa, silifa mai ƙusa, guntun fensir. A sanina, abu ne ake lallaɓawa kafin sauƙi ya zo. Sai na yi murna, kuma har yau ban yafe wa kaina ba.

Na bi Gwaggo ina tambaya, "Kwana nawa za a yi ana manejin?"

Sai a tambaya ta uku ta juyo.

"Tattara kwanukan, 'yar nan. Gwaram za mu mayar da ita, ta cika a ɗakinta."