Bizar Goggo Rakiya

Sau huɗu Malam Habibullahi yana maimaita mata tambayar, sau huɗu Goggo Rakiya tana kallon tabarma.

"Goggo, abin ba wuya. Za su nuna miki hotonsa su ce wane ne wannan. Sai ki ce ɗana ne, sunansa Saifuddeen. Shi ke nan."

Ta gyara mayafi ta ce, "To."

Shekara goma sha biyu Malam Habibullahi ya yi yana cika wa mutanen Dutse takardun biza, ya ga iyaye iri-iri, na jini da na aro, kuma ba ya tambaya. Amma wannan kam ko makaho ya shafa ya san da sauran aiki. Ya ja Marwa, matar marar lafiyar, gefe ya ce, "Wai ina kuka samo ta?"

"Ka dai cika takardar, Malam," in ji Marwa.

Saifuddeen malamin sakandare ne, shekararsa talatin da ɗaya, ƙodojinsa biyu sun daina aiki. Wankin ƙoda sau biyu a mako ya mayar da shi kamar kara. Wani asibiti a ƙasar waje ya yarda zai yi masa dashe, sai dai ƙasar tana da doka mai tsauri saboda masu sayen ƙodar talakawa: ba ta ba mai bayar da ƙoda biza sai in uwa ce, ko uba, ko ɗan'uwa na ciki ɗaya, ko matar aure. Jinin Marwa bai dace ba. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa. Hajiya kuwa, wadda duk unguwar Takur ke kira Maman Saifuddeen, ciwon suga ya hana likita ko sauraronta.

Ana cikin wannan hali Goggo Rakiya ta sauko daga motar Miga da ƙullin kayanta, ba wanda ya aika mata. Matar ruga ce, siririya, marar yawan magana. Aka gwada ta, likita ya duba sakamakon sau biyu ya ce ya jima bai ga dacewa irin wannan ba.

Ta sauka a gidan, amma ko sau ɗaya ba ta taka ɗakin majinyacin ba. In ya gaishe ta ta taga, sai ta amsa tana kallon bango. In ta dama kunu, sai ta miƙa wa Marwa ta ce, "A kai wa na ciki." In kuwa nishinsa ya tsananta, sai a gan ta ta jawo tabarmarta gindin tagar, wai nan inuwa ta fi. Maƙwabta da ba sa rasa abin faɗa suka yanke hukunci tun da wuri: sayo ta aka yi.

Ranar ganawa suka isa ofishin jakadancin a Abuja. Takardu sun cika tsaf: fasfo, wasiƙar asibiti, rantsuwar kotu. Aka shigar da Goggo ita kaɗai gaban jami'in, da wani tafinta ɗan birni mai guntuwar Hausa.

Jami'in ya turo hoto ta ƙarƙashin gilashi. Ta kawar da kai.

"Ya ce mene ne sunan wannan mutumin?"

"Ai yana rubuce a takardar."

"Ya ce ke yake so ki faɗa."

Leɓenta ya motsa. Har ta ja numfashi, amma ko harafi bai fito ba.

"To, mene ne shi a wurinki?"

Ta ce a hankali, "Na Hajiya ne."

Tafinta ya fassara yadda ya ji. Jami'in bai ɗaga murya ba, ya dai rufe fayil ya ce ba biza sai an kawo gwajin jinin da ke tabbatar da dangantaka, daga wurin da su suka amince da shi. Sakamakon yakan ɗauki sati shida.

A mota Marwa ta yi kuka har muryarta ta dushe. "Kalma biyu, Goggo! Kalma biyu kawai!" Tun daga Abuja har Dutse ko ruwa Goggo ba ta sha ba, kuma washegari ita ce ta fara miƙa hannu aka ɗebi jinin.

Saifuddeen ya jira sati huɗu da kwana uku. Ranar wata Talata da hantsi, ya cika.

Gida ya cika da mata. Kowacce ta shigo sai ta zarce wurin Hajiya ta durƙusa, ta yi mata gaisuwa, ta juya ga Marwa. Goggo Rakiya tana can bayan randa a kan tsohuwar tabarmarta, idonta a bushe, ba mai kallonta sai da harara. Abin takaici ne a ce mutum ya rasa ransa a bakin wadda ta zo cetonsa, kuma matan ba su ɓoye hakan ba. Wata maƙwabciya ma ta faɗa yadda kowa zai ji: "Dama ɗan wani ai ba ya zama naka don an rubuta a takarda."

Hajiya ta ɗago kai. Ta zare hannunta daga na matar da ke yi mata ta'aziyya, ta nuna bayan randa.

"Ku tashi daga gabana ku je can ku yi gaisuwa, ni riƙo na yi. Ɗan farinta ne, kuma tun ranar da ta yaye shi ta miƙo min shi, kunya ba ta taɓa barin bakinta ya kira sunansa ba."