Ɗan Dakon Siton Auduga

Tsohon siton audugar da ke kusa da tashar jirgin ƙasa yanzu an yanka shi shago-shago, ana sayar da wayoyi. A bakinsa masu keke napep ke lodin Pantami da Arawa.

A nan mahaifina ya yi dako. Wata Laraba, ina aji huɗu, muka biyo ta wajen bayan an tashi makaranta, ni da Sale da Umaru, su biyun 'ya'yan ma'aikatan gwamnati ne. Sai ga shi ya fito da dilar auduga a ka zai kai tarago, gemunsa duk auduga, rigarsa a yage ta kafaɗa. Da ya hango ni ya sauke kayan, ya washe baki.

"Babana! An taso?" Haka yake kirana, don sunan mahaifinsa aka sa mini.

Maimakon in durƙusa in gaishe shi, sai na kau da kai. Sale ya ce, "Kai, wane ne wannan?"

Na ce, "Wani ɗan dako ne a unguwarmu."

Mahaifina ya ji. Ya sunkuya ya ɗauki gammonsa, ya kaɗe shi a gwiwa, ya ce, "To, 'yan makaranta, ku gaida gida." Bai tona mini asiri ba.

Har ya rasu bai tada maganar ba, ni kuma kullum sai in ce gobe zan roƙe shi gafara. Yau na haura shekarun da ya yi a duniya, ban roƙa ba.