Majemin da Ya Ɗinka wa Baƙi Jaka

Tunda ka zo mini da murnar cewa wani kamfanin ƙetare ya zaɓi masana'antarka, zauna in ba ka misalin wani majemi. A tsohuwar majema ya tashi, inda warin jiƙaƙƙiyar fata da bagaruwa ke tarbar baƙo tun daga bakin lungu. Jima gadonsa ce, in ya gama da fatar akuya sai ka dunƙule ta a tafin hannu kamar ƙyalle. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da wani tsohon baduku, aminin mahaifinsa, wanda ke ɗaukar zaɓaɓɓun fatunsa yana ɗinka gafaka da alabe masu wata irin saƙa da babu mai iya ta a garin sai shi. Sauran fatun kuwa dillalai ke kwashewa su tura ƙetare. Ana nan, sai wakilin wani kamfani ya zo ya nuna masa hoton wata jaka a bayan gilashin kanti, ya ce da fatarsa aka yi ta. Majemi ya daɗe yana kallo. Ya gane fatarsa kamar yadda uwa ke gane ɗanta a cikin taro, sai dai tambarin da ke jikinta na wasu ne. Wakili ya ce, "Me zai hana ka bar sayar da fata, ka riƙa ɗinka mana jakar gaba ɗaya?" Majemi ya amince. Kuma a gaskiya ya ƙaru da su. Sun koya masa rinin da ba ya zuba, da yankan da ba ya ɓarnar fata, da ɗinkin da ba ya karkacewa ko da ƙwayar gero. Ya sayar da gonar gado ya gina rumfa, ya jera kekunan ɗinki, ya ɗebi maza da matan unguwa aiki, hayaƙi ya riƙa tashi a gidajen da a da sai an yi sa'a ake ɗora tukunya. Amma samfurin jaka daga can yake zuwa, zare da zif da tambari ma a kwali suke isowa. Bai san wa ke saye ba, bai san me ya sa bana hannun jaka dogo, baɗi gajere ba. Da ya tambaya, wakili ya yi dariya ya ce, "Kai dai ɗinka, Alhaji, wannan ciwon kanmu ne."

Sharaɗin kamfanin shi ne duk fata mai kyau tasu ce. Ranar da tsohon baduku ya dogaro sandarsa ya zo zaɓe kamar yadda ya saba, majemi ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a yi haƙuri, na bana duk an kama su." Ya tura masa masu tabo da huji. Tsoho ya jujjuya su, bai yi fushi ba, ya ce, "Ɗana, hannunka kawai mutanen nan suka ɗauka haya. Turo mini ko mutum biyu cikin ma'aikatanka in zuba musu abin da ke kaina." Majemi ya ce in sha Allahu da zarar an gama wannan aikin. Aiki kuwa bai taɓa ƙarewa ba, kafin wannan ya fita wani ya shigo. Baduku ya rasa fatar kirki, masu saye suka janye, ya rufe shago, wata damina ya kwanta bai tashi ba. Majemi ya raka shi makwancinsa, daga maƙabarta ya zarce rumfa don motar kaya na jira. Bayan 'yan shekaru wakili ya dawo da sanyin jiki. Ba faɗa aka yi ba, ba a kuma sami aibi a aikin ba, wata ƙasa kawai aka samu da ke ɗinki da araha. Ya tattara samfuransu ya tafi da su. Majemi ya tara ma'aikatansa ya ce to, yanzu za su yi tasu jakar. Suka zauna a gaban kekuna suna kallonsa, kowa na jiran a miƙo masa abin da zai bi, don babu wanda ya taɓa fitar da fasali daga kansa. Abin da suka ɗinka ya fito kamar jakar baƙin da aka cire wa suna, kasuwa kuwa cike take da irinta ta roba a kan araha. Sai majemi ya nufi gidan baduku. Matar marigayin ta fito masa da kwandon kayan aikin mijinta, basilla ta yi tsatsa, ga wata gafaka da ajali ya tarar ba a gama ba. Ya kai ta gida ya warware saƙar sili-sili don ya gane kanta. Da ya zo mayarwa, ta ƙi komawa. Ya zauna da tsinkakkun siraran fata a cinyarsa, hawaye na ɗiga a kansu. Ya sallami mutanensa ɗaya bayan ɗaya, bai iya kallon idon kowa ba, ya lulluɓe kekunan da buhuna, ya koma bakin ramin jima da furfurarsa. Dillalai suka dawo suna kwasar fatunsa, suna tura su can inda wasu ke ɗinka jakar nan.

Ban ce ka ƙi aikinsu ba. Karɓa, ka koyi duk abin da za su koya maka. Amma tun kana kan tudu ka nemi fasalinka da sunanka da masu sayenka, domin Hausawa sun ce, zanen aro ba ya rufe katara.