Dutsen Niƙa a Cikin Gilashi

Ina aji biyar aka kai mu wani gidan tarihi a Kano, inda aka baje kayan mutanen Maya na ƙasar Meziko. 'Yan ajinmu suka yi wajen gumaka. Ni kuwa na tsaya gaban wani dutsen niƙan masara. Tsakiyarsa ta lotsa ta yi sumul, kamar na Innata a Makoda.

Malaminmu ya ƙwanƙwasa gilashin da biro. "Kun ga wahalar mutanen dā? Ko akwai wanda har yau uwarsa ke durƙuso gaban wannan?"

Aka fashe da dariya. Ya dube ni. "Ke sarkin shiru, kin ƙura masa ido. Kin san shi ne?"

"A'a, Malam. Ban taɓa gani ba."

A jakata akwai ƙuli-ƙulin da Inna ta niƙa gyadarsa a kan nata dutsen. Na ji tsoron ƙamshinsa ya tona ni, sai na lallaɓa na zura ƙullin a kwandon shara.

Matar da ta lotsa wancan dutse, baƙi sun adana mata shi. Inna kuwa, 'yarta ce ta musanta nata. Har yau ƙuli-ƙuli ba ya wuce mini maƙogwaro.